Sharhi: Me ya hana a sake gina Babbar Kasuwar Jos tun bayan gobarar 2002?

A ƙarshen watan Afrilun 2025, cikin dare, wuta ta sake tashi a Taminus da ke tsakiyar birnin Jos, ta cinye ɗaruruwan shaguna kafin gari ya waye. Akasarin shagunan na wucin gadi ne, na katako da kwano, waɗanda 'yan kasuwa suka kakkafa a kewayen kangon Babbar Kasuwar Jos, wadda ita ma wuta ce ta cinye ta a watan Fabrairun 2002.

An buɗe kasuwar a 1985, ta yi shekara 17 tana ci. Shekarun da ta yi tana kango yanzu sun zarce waɗanda ta yi a raye. Yaron da aka haifa a Jos a shekarar da ta ƙone ya isa yau ya buɗe shagon kansa, amma bai san kasuwar ba sai a bakin iyayensa da tsofaffin hotuna.

Gwamnatocin da suka biyo baya a Jihar Filato kowace ta yi maganar sake gina ta. An zana taswira, an gayyato masu zuba jari, har an sa nakiya an rushe wani ɓangare na kangon don a share fili. Duk da haka ba a aza tubalin sabuwar kasuwa ba. Dalilin da aka fi ambata shi ne rashin kuɗi, kuma gaskiya ne aikin ya fi ƙarfin aljihun jihar idan ita kaɗai za ta ɗauka. Sai dai abin da ya faru a 2022, lokacin da kuɗin ya samu aikin kuma ya tsaya, ya nuna cewa akwai wata tambaya da ta sha gaban ta kuɗi: idan an gina kasuwar, wa zai zauna a rumfunanta, kuma wa aka amince ya yi rabon?

Garin kuza da tashar jirgi

Jos gari ne da kuza ta tara. Tun farkon ƙarni na 20 kamfanonin Turawa suka fara haƙar ma'adinin a tsaunukan da Birom da Anaguta da Afizere suke zaune, kuma aikin ya janyo leburori da 'yan kasuwa da masu sana'a daga kowace kusurwa: Hausawa da Fulani da Barebari da Nufawa daga Arewa, Yarabawa da Ibo da Urobo daga Kudu. Ƙaramin layin dogo daga Zariya ya iso a 1914, babban layin da ya taso ta Kafanchan kuma ya iso a 1927. A Jos jirgin yake tuƙewa, kuma daga kalmar Turanci mai nufin tashar ƙarshe aka samo sunan Taminus, wanda ya bi unguwar har yau.

Inda jirgi ke sauke mutane da kaya nan ciniki ke tsira. Kafin a yi babban gini, akwai kasuwa a wannan yanki, irin wadda aka sani a sauran garuruwa, mai rumfunan kwano da lunguna masu taɓo da damina. Kwamishinan 'Yan Sanda Joseph Gomwalk, gwamnan farko na tsohuwar Jihar Binuwai da Filato daga 1967 zuwa 1975, shi ne ya ɗauko tunanin gina wa Jos kasuwa ta zamani a ƙarƙashin rufi ɗaya. Aikin ya ratsa gwamnatoci, ciki har da ta farar hula ta Cif Solomon Lar daga 1979 zuwa 1983, kafin a kammala shi a zamanin soja.

Shekarar da aka buɗe kasuwar tana da wani muhimmanci ga tattalin arzikin garin. A watan Oktoban 1985 ne kasuwar kuza ta duniya ta durƙushe a Landan, farashi ya faɗi warwas. Dama haƙar kuza a Filato ta daɗe tana ja da baya. Wato a daidai lokacin da sana'ar da ta kafa Jos take sallama, sai ga sabuwar kasuwa ta buɗe ƙofa. Daga nan ciniki da aikin gwamnati da makarantu, musamman Jami'ar Jos, suka zama ginshiƙan rayuwar garin.

Rufi ɗaya, harsuna da yawa

Waɗanda suka san kasuwar suna tuna ta a matsayin gini mai ban mamaki. Tana da rumfuna da shaguna sama da 4,000, da hawa na sama da na ƙasa, da matakala da faffaɗan hanyoyi a ciki, da filin ajiye ƙananan motoci da manyan motocin kaya. An sha kiran ta kasuwa mafi girma mai rufi a Afirka ta Yamma. Baƙon da ya zo Jos akan kai shi ya ga gidan adana kayan tarihi da gidan namun daji, sannan a kai shi kasuwa. A garin da ke bisa tudu mai tsayin kimanin mita 1,200, inda damina ke da tsawo, hunturu kuma ke da kaifi, rufin ba ado ba ne. Shi ya sa ake ciniki daga safe har yamma, ko ana ruwa ko ana iska.

Matsayin Jos a taswira ya ƙara wa kasuwar daraja. Ita ce mashigar Arewa maso Gabas ga wanda ya taso daga Kudu ko daga Kaduna. 'Yan sari daga Bauchi da Gombe da Yola da Maiduguri kan tsaya a nan su yi lodi maimakon su zarce Anaca ko Legas. Atamfa da yadi da takalma da tangaran da kayan wuta suna haurowa daga Kudu tare da manja da garin kwaki. Busasshen kifi da wake da albasa suna gangarowa daga Arewa. Tudun Filato kuma yana kawo nasa: dankalin Turawa da kabeji da karas da latas da acca.

Amfanin kasuwar ga garin bai tsaya ga kaya ba. Ciniki irin namu a kan amana yake tafiya. Mai sari yana ba da kaya bashi sai an sayar a biya. Ana zuba adashe tsakanin maƙwabtan layi. Wanda zai tafi salla ko coci yakan bar wa na kusa da shi jiran rumfa, ya dawo ya tarar an sayar masa an ajiye kuɗin. Ɗan dako yana ɗaukar kayan kowa, mai abinci tana zuba wa kowa. Yaron shago da ya zo daga Inugu yakan koyi Hausa cikin watanni, don ita ce harshen ciniki a Jos, Bahaushe kuma yakan tsinci gaisuwar Birom da ta Yarabanci don jan mai saye.

Wannan cuɗanya ba wa'azi ne ya kawo ta ba, buƙata ce. Wanda kake bin sa bashi kana masa fatan tsawon rai, wanda yake sayen kayanka kullum ba ka so a ce unguwarsu ta ƙone. Garuruwa da yawa suna da wuraren da jama'a ke haɗuwa, amma masallaci na Musulmi ne, coci na Kirista ne, filin ƙwallo kuma sai ranar wasa. Kasuwa ce kaɗai wurin da dukkan Jos ke shiga ta ƙofa ɗaya a kowace rana.

Satumba, sannan Fabrairu

Ba za a fahimci gobarar 2002 ba sai an tuna abin da ya gabace ta da wata biyar. Ranar Juma'a 7 ga Satumban 2001 rikici ya ɓarke a Jos, ya ɗauki kwanaki, kuma ƙungiyar kare haƙƙin ɗan Adam ta Human Rights Watch ta ƙiyasta cewa kimanin mutum 1,000 ne suka mutu. Tushen rikicin tsohuwar taƙaddama ce a kan wane ne ɗan asalin Jos, wane ne baƙo, da wanda ya cancanci riƙe muƙamai a Ƙaramar Hukumar Jos ta Arewa, wadda gwamnatin Janar Ibrahim Babangida ta ƙirƙiro a 1991. An taɓa gwada ƙarfi a kan wannan batu a watan Afrilun 1994. Da yake ɓangarorin biyu sun bambanta a addini, sai rikicin siyasa da ƙasa ya sanya rigar addini.

Cikin wannan yanayi na zaman ɗarɗar wuta ta kama kasuwar, a zamanin Gwamna Joshua Dariye. Dukiyar da ta salwanta ba ta misaltuwa. Mutanen da suka kwana da jari suka wayi gari da bashi. Wasu sun koma garuruwansu, wasu sun koma Abuja da Kano da Bauchi, wasu kuma ba su sake tashi ba.

Har yau ba a gamsar da jama'ar Jos game da musabbabin gobarar ba. Wasu sun ɗora laifin a kan wutar lantarki, wasu sun yi imanin cinna ta aka yi da gangan, kuma kowane ɓangare yana da wanda yake zargi. Wannan giɓi ya yi illa mai tsawo. Inda babu bayani guda da kowa ya yarda da shi, kowace unguwa takan riƙe nata labarin ta gadar wa 'ya'yanta, kuma duk lokacin da aka tayar da maganar sake gini, da wannan labarin ake zuwa teburin shawara.

Rikice-rikicen da suka biyo baya sun ƙara zurfafa rabuwar. An kafa dokar ta-ɓaci a jihar a watan Mayun 2004. An sake zubar da jini a Nuwamban 2008 bayan zaɓen ƙananan hukumomi, sannan a Janairu da Maris na 2010. Bayan kowane tashin hankali, mutane kan sayar da gida ko su yi musaya, su koma inda 'yan uwansu a addini suka fi yawa. Unguwar Rogo da Gangare da Rikkos suka zama na Musulmi kusan zalla, Jenta Adamu da Kabong da Unguwar Rukuba suka zama na Kirista. Ciniki ma ya bi sawu. Ƙananan kasuwanni suka tsiro a unguwanni, kowa yana cefane inda hankalinsa ya kwanta. A daidai lokacin da garin ya fi buƙatar wurin haɗuwa, wurin yana kwance cikin toka.

Kasuwa ta koma titi

Ciniki ba ya jiran gwamnati. 'Yan kasuwar da suka rasa rumfuna sun baje kaya a filin ajiye motoci na tsohuwar kasuwa da gefen Titin Ahmadu Bello da Titin Murtala Mohammed da Hanyar Bauchi. Gwamnati ta gina kasuwanni a gefen gari, kamar ta Hanyar Rukuba, ta nemi a koma can. Da yawa sun ƙi. Wasu sun ce mai saye ba ya zuwa, wasu kuma suna tsoron kai jarinsu unguwar da ba za su iya fita ba idan rikici ya tashi. Taminus, duk da cunkosonta, ita ce wurin da kowane ɓangare yake jin yana da haƙƙin tsayawa.

Zaman titi yana da tsada. Na farko, ba shi da kariya. Ranar 20 ga Mayun 2014 bama-bamai biyu da aka ɗana a motoci suka tashi a Taminus, na biyun ya tashi ne bayan jama'a sun taru suna ceton waɗanda na farko ya rutsa da su, kusa da tsohon mazaunin Asibitin Koyarwa na Jami'ar Jos. Hukumar Ba da Agajin Gaggawa ta Ƙasa ta ce aƙalla mutum 118 ne suka mutu, da yawansu mata masu ƙananan sana'o'i. An ɗora alhakin harin a kan Boko Haram. A watan Disamban shekarar aka sake kai wani harin a yankin. Kasuwa mai katanga da ƙofofi ana iya binciken motar da za ta shige ta. Kasuwar da ta bazu a kan titi ba ta da ƙofar da za a tsare.

Abin lura a harin na 2014 shi ne bam ɗin bai tambayi addinin kowa ba, an kwashi gawarwakin Musulmi da Kirista a wuri ɗaya, kuma garin bai faɗa cikin rikici irin na 2001 ko 2008 ba. Wannan ya nuna cewa ko a kan titi, Taminus ba ta daina haɗa mutanen Jos ba.

Na biyu, gobara. Shagunan katako da ke manne da juna, da wayoyin wuta da aka jona barkatai, da janareto da fetur a lunguna, da rashin hanyar da motar 'yan kwana-kwana za ta bi, duk sun sa wuta ta zama baƙuwar da ake sa ran zuwanta. An yi babbar gobara a wurin a 2018, aka sake yi a 2025. Duk lokacin da ta auku, manyan jami'ai kan zo jaje, a yi alkawarin tallafi, 'yan kasuwa su ci bashi su sake kafa katako a inda na jiya ya ƙone.

Na uku, asarar kuɗin shiga. Filato na cikin jihohin da suka dogara ƙwarai da kason da ake rabawa daga Abuja. Rumfuna 4,000 masu rajista suna nufin haya da haraji da ake iya lissafawa. Mai tebur a bakin titi shi ma yana biya, amma yana biyan masu yankar tikiti iri-iri ne, kuma ba duk abin da ya biya ke isa baitulmali ba. Ga kuma zaman kullum cikin fargabar kora. A 2024 gwamnatin Caleb Mutfwang ta fitar da dokar zartarwa da ta hana kasa kaya a kan titunan Jos da Bukuru, Hukumar Raya Birnin Jos ta shiga aiwatarwa. Tituna sun samu sarari, masu motoci sun ji daɗi, amma tambayar da masu tebur suke yi ita ce wadda suke yi tun 2002: ina za mu koma?

Nakiya da yarjejeniyar da ta tsaya

Gwamnatin Simon Lalong, daga 2015 zuwa 2023, ita ce ta fi matsawa kusa da aikin. A watan Mayun 2019 aka sa nakiya aka rushe ɓangaren ginin da wuta ta raunana, jama'a suka ɗauka gini ya zo. Shiru ya biyo baya. A 2022 gwamnatin ta sanar da cewa ta cimma fahimta da Bankin Jaiz, wanda zai zuba kusan Naira biliyan 10 a gina kasuwar, a raba shagunan tsakanin bankin da gwamnati, kashi 60 da kashi 40, bankin ya mayar da kuɗinsa ta hanyar sayar da nasa kason.

Nan take jihar ta ɗauki zafi. Jaiz shi ne bankin farko a Najeriya da ke aiki bisa tsarin Musulunci na rashin kuɗin ruwa. Ƙungiyoyin matasa da na ƙabilu da wasu shugabannin addini da 'yan siyasa suka ce ba su yarda a miƙa zuciyar Jos ga bankin na tsawon shekara 40 ba, suna fargabar cewa shagunan za su ƙare a hannun ɓangare ɗaya. Gwamnati ta amsa cewa wa'adin shekarun ya shafi waɗanda za su sayi shaguna ne, kuma kowa na da damar saye. Masu goyon baya suka ce kuɗi ba shi da addini, suna kafa hujja da takardun lamuni na sukuk da Gwamnatin Tarayya take amfani da su tun 2017 wajen gina hanyoyi a dukkan shiyyoyi shida na ƙasar. Batun ya kai gaban kotu, aka dakatar da sanya hannu, zaɓen 2023 ya ƙarato, maganar ta mutu.

Yana da sauƙi a kira abin da ya faru ƙiyayyar addini kawai, amma hakan bai ƙare bayani ba. Wanda maciji ya sara, in ya ga tsumma sai ya gudu. Ɗan asalin Filato da ya ji an ce kashi 60 na shaguna za a sayar ga mai iya biya, ya san cewa manyan 'yan kasuwa masu jari a Jos akasari ba daga ƙabilarsa suke ba, sai ya ga za a gina kasuwa a ƙasar kakanninsa ya zama ɗan kallo. Bahaushen Jos da kakansa ya zo tun zamanin kuza, wanda rumfar mahaifinsa ta ƙone a 2002, idan ya ji ana cewa a fifita 'yan asali a rabo, sai ya ga ana shirin fitar da shi daga kasuwar da ya gada. Ɗan kasuwa Ibo ko Bayarabe yana kallon ɓangarorin biyu yana tambayar inda nasa matsayin yake. Mace mai sayar da tumatir a faranti kuwa ta san cewa ko wane ne ya yi nasara, shagon miliyoyin Naira ba nata ba ne.

Kowanne daga cikin waɗannan tsoro yana da tushe. Kuskuren da aka yi shi ne an fara da neman mai kuɗi, aka bar maganar rabo a baya, alhali ita ce mutane suke son ji da farko. Jinkirin kuma ya ƙara wa aikin tsada. A tsakiyar 2022 Dalar Amurka ɗaya ba ta kai Naira 450 ba a farashin hukuma, a 2025 kuwa ta haura Naira 1,500. Siminti da rodi sun bi ta. Abin da Naira biliyan 10 za ta gina a wancan lokaci, yau sai an ninka ta.

Yadda wasu garuruwa suka yi

Gobarar kasuwa ba a Jos aka fara ta ba. Kasuwar Sabon Gari ta Kano ta ƙone a 2016, manyan kasuwannin Sakkwato da Katsina suka ƙone a farkon 2021. Abin da ya bambanta Jos shi ne tsawon zaman kango.

Babbar Kasuwar Yamai a Jamhuriyar Nijar ta ƙone a 1982, aka sake gina ta aka buɗe a 1987. Babbar kasuwar Wagadugu a Burkina Faso ta ƙone a watan Mayun 2003, shekara guda da 'yan watanni bayan ta Jos, aka sake buɗe ta a 2009 da tallafin hukumar raya ƙasashe ta Faransa. Nan gida kuma, Kasuwar Monday ta Maiduguri ta ƙone a watan Fabrairun 2023, gwamnatin Borno ta gyara ta, 'yan kasuwa suka koma kafin shekara ta zagayo, a jihar da ta sha fama da yaƙi sama da shekara goma.

Babu ɗaya daga cikin waɗannan wurare da ya fi Filato arziki ta yadda zai bayyana bambancin. A dukkansu an yi gardama a kan rabon rumfuna, don babu kasuwar da ake rabawa ba a yi ƙorafi ba. Sai dai a can gardamar ta tsaya tsakanin 'yan kasuwa da hukuma. A Jos kuwa rabon rumfa ya zama wani reshe na tambayar wa ya mallaki gari, kuma duk gwamnan da ya taɓa shi yana lissafin abin da zai jawo masa a akwatin zaɓe.

Abin da ya kamata a warware kafin a aza tubali

Gwamnatin Mutfwang ta bayyana aniyarta ta sake gina wurin. Idan ana so wannan yunƙuri ya wuce inda na baya suka tsaya, akwai abubuwan da tarihin shekarun nan ya koyar.

Na farko shi ne rajista. Akwai hukumar da aka kafa don kula da kasuwar, kuma akwai ƙungiyoyin 'yan kasuwa da suka san mutanensu layi-layi. A tattara sunayen waɗanda suke da rumfa a 2002 ko magadansu, da na waɗanda suke ciniki a Taminus yanzu, a kafe su a bainar jama'a, a ba da lokacin ƙorafi da gyara. Kowace shekara da ta wuce, shaidu suna raguwa, takardu suna ɓacewa.

Na biyu, a rubuta ƙa'idar rabo a fili, Majalisar Dokokin Jihar ta mayar da ita doka, kafin a sa hannu da kowane mai zuba jari. Kaso nawa ne na tsofaffin masu rumfa, kaso nawa ne za a ware wa ƙananan hukumomi 17 na jihar don manoma da matasan da ba su taɓa samun shiga ba, kaso nawa ne za a sayar ga kowa, kuma shago nawa mutum ɗaya zai iya mallaka. Idan wannan ta tabbata, sunan bankin da ya kawo kuɗi ba zai ƙara tayar da hankali ba, don ba shi zai zaɓi masu zama ba.

Na uku, a tsara layuka bisa nau'in kaya, kamar yadda aka saba a kasuwanninmu, 'yan atamfa wuri ɗaya, 'yan hatsi wuri ɗaya, a kuma yi ƙuri'a wajen ba da lambar rumfa. Idan aka bari kasuwar ta rabu gida biyu, ɓangaren masallaci da ɓangaren coci, to an gina Jos ta yau ne a ƙarƙashin rufi, ba a dawo da abin da aka rasa ba.

Na huɗu, a tuna da masu ƙaramin ƙarfi. Yawancin masu ciniki a Taminus jarinsu bai wuce abin da tebur ɗaya zai ɗauka ba. Kasuwannin zamani da dama a Najeriya sun ƙare da shaguna a kulle, masu kuɗi sun saye sun ajiye, masu ciniki na gaskiya suna waje a rana. Sai an tanadi buɗaɗɗun rumfuna masu arahar haya da ake biya wata-wata kafin titi ya koma na motoci.

Na biyar, wuta. Sabon gini ma yana ƙonewa, kamar yadda aka gani a sabuwar kasuwar Kejetiya ta Kumasi a Ghana a 2023. Ana buƙatar tashar kashe gobara a cikin kasuwar, da tankunan ruwa, da hanyoyin da ba a yarda kowa ya kasa kaya a kansu ba, da wutar lantarki mai tsari ɗaya maimakon janareto a kowane lungu. Tun 2003 doka ta wajabta yi wa gine-ginen jama'a inshora, kuma yanzu akwai tsarin takaful ga wanda ba ya son na gargajiya. Da 'yan kasuwar 2002 suna da irin wannan kariya, da yawansu ba su durƙushe ba.

A ƙarshe, wa zai zauna a teburin? Jihar tana da Hukumar Gina Zaman Lafiya da aka kafa a 2016, tana da majalisar sarakuna ƙarƙashin Gbong Gwom Jos, Da Jacob Gyang Buba, tana da shugabannin Ƙungiyar Kiristoci ta Najeriya da na Jama'atu Nasril Islam, da shugabannin al'ummomin Hausawa da Ibo da Yarabawa, da ƙungiyoyin mata 'yan kasuwa. An sha tara su bayan an zubar da jini. Ba a cika tara su don su amince da jerin sunaye da lambobin rumfuna ba, alhali wannan aiki ne da za a iya gamawa, a ga sakamakonsa da ido.

A kan lambar motocin jihar an rubuta cewa Filato gida ce ta zaman lafiya da yawon buɗe ido. An kafa kwamitocin bincike, an girke rundunar tsaro ta musamman tun 2010, an yi tarukan sulhu ba adadi. Duk suna da amfaninsu. Amma zaman lafiyar da tsofaffin Jos suke tunawa an gina shi ne da ƙananan abubuwa na yau da kullum: bashin da aka biya a kan lokaci, rumfar da maƙwabci ya tsare, ragin da aka yi wa tsohon abokin ciniki. Waɗannan suna buƙatar wuri. Filin yana nan a tsakiyar gari, masu saye da masu sayarwa kuma ba su daina zuwa ba, ko bayan bam, ko bayan gobara. Abin da ya rage shi ne a yarda da yadda za a raba shi, sannan a kira magina.